Yadda Na Kai Labarin Rasuwar Yaya Iliya Agadas

A bana aka cika shekara tara da rasuwar yayana Iliya. Injiniyan sadarwa ne a aikin gwamnati, amma a unguwarmu Abakpa abin da aka san shi da shi ɗaya ne: mutumin nan mai tsayawa a tsakar gida da eriya a hannu yana bin sama da ita.

Rediyonsa irin wanda ake magana ta cikinsa ne. Idan tauraron ɗan'adam ya ɓullo, sai ya ɗauki muryarka ya kai wata ƙasa, cikin 'yan mintoci kuma ya faɗi. Shi ya sa masu harkar suke da ƙa'ida: faɗi lambarka ta rediyo da inda kake, ka ba wani wuri. Yaya, wanda gaisuwarsa da mai kayan miya ma ba ta ƙarewa, a sama bai taɓa wuce ƙa'ida ba. Shi ya koya mini har na sami lasisi. Da zai ji saƙon muryar da muke aika wa juna a waya yau, mutum ya yi ta zuba ba aya, na san zai ce, "Kai Sani, wannan ai ya cinye tauraro uku."

Yana da aboki a Agadas, wani dattijo, Malam Gali. Ba su taɓa ganin juna ba, ba su kuma karɓi lambar wayar juna ba, wai hakan zai ɓata daɗin abin. Bayan an watse zaman makoki na kunna rediyon, sai ga dattijon yana kiran lambar Yaya. Ya saurara, ya sake kira. Kullum haka. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin mu ba ma jefa wa babba labarin mutuwa haka kawai. Sai an zauna, an gaisa, an yi kwana-kwana. Ina wurin zama a tauraro?

Wata safiya na daure na ɗaga eriyar, na faɗi lambata.

"Malam Gali, Sani ne, ƙanen Iliya. Allah ya yi masa rasuwa."

Sauran masu jiran yin magana ta tauraron ba Hausa suke ji ba, amma ba wanda ya sa baki. Can dattijon ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa..." Sai tauraron ya faɗi ta wajen unguwar Kawo, rediyon ya koma shuuu. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yau gidan ya koma hannun wasu, a ofishinsa ma 'yan kaɗan ne suka san sunansa. Idan aka tambaye ni me Yaya ya bari, safiyar da ta biyo baya nake tunawa. Tauraron na ɓullowa Malam Gali ya kira lambata. Bai ko gaisa ba, ya ɗora daga inda ya tsaya: "...ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri, ya ba ni."