Yawon Coci da Dada

Duk tsawon shekarun da na yi a aikin walwalar jama'a, har na ajiye shi, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar wata Lahadi a Vinikilang, can hayin gadar Jimeta. Ku da kuka shigo aikin nan bayan abubuwa sun lafa kuna yawan tambayata yadda aka yi ni Hajiya guda, jikar fataken Kano, na san bambancin katikis da rabaran fiye da wasu Kiristocin ofishinmu. To ga yadda aka yi.

A ƙarshen shekarar 2014 ne, bayan 'yan tada ƙayar baya sun shiga Mubi, jama'a suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa. Lokacin ina babbar jami'ar walwala, aka tura ni wani sansani a gefen Malkohi. Tsarin aikin shi ne duk wanda ya iso a yi masa rajista, a ji sunansa da garinsu da wanda ya sani a Yola. Wanda ya zo shi kaɗai, musamman tsoho, sai a buɗe masa fayil na neman dangi, a ɗora wa jami'i guda alhakinsa.

Cikin waɗanda suka faɗo hannuna akwai wata tsohuwa doguwa, siririya, tafin ƙafarta duk ya tsattsage. Ba ta magana. Ba kurma ba ce, don in an kira ta tana waiwayowa, amma an gwada ta da Hausa, da Fulatanci, da Margi, da Kilba, ko uffan. Likita ya ce harshenta ƙalau yake, abin da idonta ya gani ne ya ɗaure shi. Muka sa mata suna Dada, yadda ake kiran uwa a nan. Abin da kawai ta zo da shi wani zane ne na zumuntar mata, irin ankon da matan coci suke yi. Ya koɗe, rubutun ya goge, saura gicciye da hoton littafi a buɗe. Ba ta yarda a raba ta da shi. In an ba ta sabon zane sai ta ɗaura shi daga ciki, ta mayar da tsohon a sama.

Ni kuwa Allah ya hore mini saurin gane abu, ko in ce saurin ɗauka cewa na gane. Kallo ɗaya na yi wa zanen na rubuta Kirista, na kai ta tantin matan Kirista.

Ana nan sai Daraktanmu ya kira mu ya ce umarni ya zo daga sama: duk tsohon da ba a samu danginsa ba kafin ƙarshen wata mai kamawa, za a kai shi gidan gajiyayyu a wata jiha mai nisa. Mu da muke cikin aikin mun san ma'anar wannan. Wanda ba ya iya faɗin ko sunansa, in ya bar Adamawa, to shi da nasa sai a lahira. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na kai wa abokin aikina Mista Yohanna maganar. Ya jujjuya gefen zanen ya ce tsohon yayi ne na ƙauye, kuma ko da an san cocin ba zai yi amfani ba, don waɗanda suka gudo yanzu duk majami'ar da ta ba su tabarma nan suke sujada. Dabara ɗaya ce, a riƙa zagayawa da ita coci-coci ranar Lahadi, ko Allah zai sa wani ya gane ta. Na ce madalla, sai ya shirya.

"Haba Hajiya," ya ce, "ni fa dattijo ne a ikilisiyarmu. In aka gan ni a cocin wasu, me zan gaya wa rabaran? Ke ce ba ki da ɓangare, duk ɗaya suke a wurinki."

Darakta ya ce wannan magana akwai adalci a cikinta. Haka aka naɗa ni. Da na gaya wa maigidana a Jambutu, abin da ya ce kawai shi ne in na zaɓi coci guda in sanar da shi kafin maƙwabta su riga ni.

Ku tuna wane lokaci ne. Mace da dogon hijabi da jaka a hannu ta nufi ƙofar coci, a shekarar da bam yake tashi a tasha da kasuwa. Lahadin farko, a wata majami'ar Katolika a Jimeta, samarin da ke binciken mutane suna hango ni suka dare gida biyu. Wanda ke riƙe da na'urar bincike ya miƙo ta daga nesa. Ban ga laifinsu ba, ni ma gabana faɗuwa yake yi, don na san wanda zai zo da mugun nufi ba zai tsaya duba katin aikina ba. Daga ranar na koma yafa mayafi, jakar kuma na bar ta a mota.

A ciki na sha motsa jiki. A tashi, a zauna, a durƙusa, ga hayaƙin turare, ga ƙararrawa. Ni dai na kafe a benci kamar buhun masara. Dada kuwa in an tashi ta tashi, in an zauna ta zauna, tana bin fuskokin mutane da kallo sahu-sahu. Bayan an tashi katikis, wato mai taimaka wa fada, limamin cocin, da koyarwa, ya yi sanarwa, mutane suka zo suka dudduba ta, babu wanda ya san ta. Duk da haka ya tabbatar mini tasu ce, wai irin wannan natsuwa ba a koyonta a wani wuri. Ranar Litinin na kai wa Darakta rahoton cewa akwai alamun Katolika.

Lahadi ta biyu muka je wata majami'ar da ake komai da Hausa. Nan ne na ga zumuntar mata da idona, sun jeru da anko, suna kaɗa tulu da caki, waƙar har cikin ƙashi. Ina waiwayawa sai na ga leɓen Dada yana motsi daidai da waƙar, baiti bayan baiti. Saura kaɗan in yi guɗa a coci. Shugabar matan ta rungume ta ta ce ai ko makaho ya san tasu ce. Na tambaya ko ta san ta. Ta ce a'a, amma tasu ce. Na gyara rahoto.

Ta uku cocin zamani ne, a wani tsohon sito, da janareta da lasifikoki kamar gidan biki. Fasto matashi ne, da kwat mai ƙyalli, yana wa'azi da Turanci wani na fassarawa yana haki. Aka ce baƙi su miƙe. Na miƙe don in gabatar da Dada, kafin in buɗe baki an ɗauki tafi da ihu, an ɗauka ni ce kamun ranar. Da ƙyar na kai ga bayani. Da fasto ya ji tsohuwa ba ta magana sai murna ta kama shi, ya ce yau harshenta zai kwance. Ya ɗora mata hannu a ka ya yi ta addu'a har ya jiƙe da gumi. Dada ta jira shi ya kai aya, ta kama hannun a hankali ta sauke, ta gyara ɗankwalinta. Ya ce aikin ya fara, in dawo da ita mako mai zuwa. Lokacin baiko kuma, wato ba da sadaka, sahu-sahu ake fita da rawa, ba halin mutum ya zauna shi kaɗai, don haka ni ma na taka, kuma ban yarda kowa ya tambaye ni yadda na taka ba.

Mun je majami'ar masu fararen riguna, inda ake tuɓe takalmi a ƙofa, nan ne ma na ɗan ji kamar ina gida. Su ma suka ce tasu ce. Kowa na so, babu mai sani. Wata ya kusa ƙarewa, har an kawo sunayen waɗanda za su shiga mota, na Dada na ciki. Na roƙi Darakta ya ƙara mini lokaci, ya ce Lahadi ɗaya ta rage, in yi abin da zan yi da ita.

Mista Yohanna ne ya ce ya ji akwai wasu 'yan gudun hijira da manoman Vinikilang suka ba wurin zama, suna sujada a wata rumfar kwano. Muka haye gada da sassafe. Majami'ar ko bango ba ta da shi, benci kuwa katako ne a kan bulo. Babu mai bincike a ƙofa, don babu ƙofar. Na zauna a gajiye, na riga na fid da rai.

Mata suna cikin waƙa sai ɗaya daga cikinsu, wata mai goyo, ta yi shiru ta ƙura mana ido. Kafin in ankara Dada ta miƙe. Ta ratsa tsakiyar mutane, tana tafe tana kwance zanen nan da ko wanki ba ta bari a yi mata. Ta ninke shi da kyau, ta ɗora a hannun matar. Waƙa ta mutu. Sai na ji wata murya a dushe, wadda ban taɓa ji ba.

"Na'omi, uwarki ta rasu a hanya, bayan mun wuce dutse. Ba harbi ba ne, ƙafa ce ta gaza. Ina riƙe da ita. Na yi mata wanka, na naɗe ta da zanena, shi ya sa na ɗaura nata. Ban san yadda kuke yin naku ba, sai na yi mata irin namu."

Na'omi ta durƙushe ta rungume ƙafafunta. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba, haka dattijon da ke jagorantar sujadar.

Bayan an natsa Na'omi ta yi mini bayani. Tsohuwar sunanta Dudu, matar ladanin ƙauyensu ce, kuma katanga ɗaya ta raba gidanta da na Saratu, uwar Na'omi, tun suna amare. Cocin ƙauyen yana bayan ɗakinta, shi ya sa babu waƙar zumunta da ba ta haddace ba. Ladan ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuwa ba a san inda suka faɗa ba. Na tambayi Dada me ya hana ta magana duk kwanakin nan. Ta ce saƙon ba namu ba ne, na 'ya'yan Saratu ne, kuma ta san in ta buɗe baki shi zai fara fitowa. Wato duk yawon nan da nake taƙama ina nema mata dangi, ita ce take nema, ni direba ce kawai.

Saura maganar ƙa'ida. Doka ta ce ba a miƙa tsoho sai ga ɗan'uwa na jini, in ba haka ba mota na jiranta. Na bayyana wa Na'omi haka a gaban dattijon, na tambaye ta mece ce tsakaninsu.

"Uwata ne," ta ce, da irin Hausar ƙauyensu.

Na dubi dattijon, mutumin da bai daɗe da gama wa'azi a kan gaskiya ba. Ya gyara tabarau ya ce shi shaida ne. Na rubuta yadda aka gaya mini.

Azahar ta same mu a can. Na'omi ta kawo buta, ta shimfiɗa mana tabarma a bayan rumfar, ni da Dada muka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Da muka sallame ta juyo ta daɗe tana kallona, sannan ta dafa gwiwata.

"Alhamdu lillahi, 'yata, ashe kina salla. Na ga Musulma kowace Lahadi da sabon coci, har da rawa. Kullum sai na roƙi Allah ya shirye ki."

Da na koma sansani ɗaukar mata 'yan kayanta, na shiga tantin matan Kirista da babban labari a bakina. Ko gezau ba su yi ba. Shugabarsu ta ce ai tun daren da aka kawo ta suka sani, su ne ma suke tashinta sallar asuba, suna ajiye mata ruwa. Na ce to me ya hana su faɗa? Ta ce ban tambaye su ba, kuma da suka ga motar gwamnati na ɗaukarta zuwa coci, sai suka ɗauka wani sabon tsari ne.

Darakta ya cire sunanta daga na masu tafiya, ya kuma yaba wa ofis bisa bin tsari. Dada ta zauna wurin Na'omi a Vinikilang har Allah ya karɓi abinsa bayan 'yan shekaru. Mutanen rumfar kwanon nan ne suka aika aka kira liman.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma nake so ku riƙe, shi ne mutanen da ake kawo mana ba fanko suke zuwa ba. Ko wanda ya iso babu takalmi, babu magana, yana da abin da ya sa a gaba, sau da yawa ma ya fi namu muhimmanci. Mu muna da mota da katin aiki da saurin yanke hukunci, su suna da sanin junansu tun kafin a haifi ma'aikatarmu. Kafin ka rubuta wa mutum ko wane ne shi, ka tambayi wadda take kwana kusa da shi. In kuma wata ta dube ka ta ce wannan uwarta ce, kada ka ce sai ka ga jini.