Muryar da Na Goge da Auduga

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma girman kaina ya fi rumfar faɗi. Kowa ya samu 'yan kuɗi sai ya sayi rediyo mai kaset, aka tura tsofaffin garmaho ƙarƙashin gado. Ni kuma na ɗauki tayar da su abin yi. In wanke injin da kananzir, in sa sabon giris, in cire tsohon kan allura in ɗaura na lantarki, in ja waya zuwa lasifika mai batir. Daga Faskari har Sabuwa ana kawo mini. Mai kaya ya ji faifansa ya tashi garau ya riƙe baki, ni kuwa in basar kamar ba komai na yi ba.

Goggona, yayar mahaifina, tana zaune a Mabai. Ba ta kiran sunana saboda sunan mahaifinta ne, sai dai ta ce Babana. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗan amshi ne na wani makaɗin noma, kuma sau ɗaya tak aka kai su birni aka ɗauki waƙarsu a faifai. Bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba, faifan nan ne kaɗai. A gefe ɗaya akwai inda makaɗin ya sakar masa baiti ya ja shi kaɗai, ɗaya gefen kuwa kiɗa ne zalla. Duk shekara in an gama girbi sai ta fito da garmahonta ta wana, ta saurara sau ɗaya ko biyu, ta naɗe faifan a tsohon zane ta mayar ƙasan adaka.

Wata kaka na je gaishe ta na tarar tana saurare. Ƙarar allurar kamar ana suyar ƙosai.

Na ce, "Goggo, wannan ai suya kike ji, ba waƙa ba. Ba ni in gyara maki."

Ta ce, "Bar shi haka nan, Babana. Ni ina jin shi."

Na nace. Na ce in na gama zan ɗaukar mata a kaset, ta riƙa ji kullum ba sai an gama girbi ba. Wannan ce ta karya mata zuciya. Ta naɗe faifan da hannunta, ta haɗa mini da garmahon, ta raka ni har inda na ajiye babur tana cewa in bi a hankali, hanyar da gargada.

Kwana uku na yi a kan garmahon, kuma wallahi na yi aiki mai kyau. Na sa faifan ya fi sau goma ina gwaji. Ranar ƙarshe rikoda na gefena, sabon kaset na ciki, danna maɓalli kawai ya rage. Sai na ɗaga faifan a hasken rana na ga datti a cikin zarensa. Na ce a raina, mai gyara kamata ba zai ɗauki datti a kaset ba. Na jawo kwalbar sifirit da nake goge kan kaset da ita, na jiƙa auduga.

Tsofaffin faifan nan masu nauyi ba irin na roba ba ne. Da wani irin ƙaro aka yi su, kuma sifirit narkar da shi yake yi. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma lokacin ba na tambayar kowa komai. Da audugar ta fito baƙi ƙirin har murna na yi, na ce ga dattin nan, na ƙara zubawa. Sai da ta fara manne mini a yatsu na tsaya. Fuskar faifan ta yi sumul. Na ɗora allura, ba abin da ya fito daga sabuwar lasifikata sai shuuu. Kuma da gefen muryar mijin Goggo na fara, don shi ne mai muhimmanci.

Sati uku ina yawo. Duk wanda ya taɓa kawo mini garmaho sai da na bi shi gida ko yana da irin faifan. Babu. Wasu ma sun ba yara nasu sun yi gare-gare da su.

Da na rasa mafita na tafi Mabai, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta karɓi faifan ta shafa shi da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Mi ka sa mashi?"

"Abin wanki ne, Goggo."

"To. Haka Allah ya so. Tashi ka sha hura."

Da ta zage ni, ko ta ɗauke ni da mari, da na samu sauƙi. Na karɓi furar na sha. Garmahon da na gyara kuwa ta rufe shi da zane, ban sake jin ta kunna shi ba.

Bayan 'yan shekaru, ƙarfinta ya fara ƙarewa, na je duba ta. Muna zaune a inuwar rumbu sai ta ɗauko zancen mijinta ta ce, "Babana, kai da ka ji shi ƙarshe. Muryar nan tashi, siririya ce ko kakkaura? Ta hwara ɓace mani."

Sau goma da wani abu na sa faifan nan a rumfata, kunnena na kan ƙarar allura da gudun inji. Ko sau ɗaya ban saurari mutumin ba.

Ta zuba mini ido tana jira. Na ce, "Kakkaura ce, Goggo."

Ta gyaɗa kai ta ce ita ma haka take zato. Har yau ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.