Gadagin Tsagin Dutse

Shekarun da na yi a ofishin gona, aikina tara irin ciyawar daji ne, musamman gadagi, wanda masu kiwon raguna ke rububinsa. Da damina ta ɗauke sai in ɗaure jaka a bayan babur, in bar gidanmu a Ƙofar Durbi in yi arewa, ina bin duwatsu da faƙo har bakin iyaka. Kowane iri da ambulan ɗinsa, an rubuta inda na samo shi. A ido duk gadagi ɗaya ne. Sai an shuka ake gane mai jure fari da wanda mako guda ba ruwa ke kashewa.

Akwai ɗaya da nake ji da shi. A tsagin wani dutse na same shi, kore shar, alhali duk abin da ke kewaye ya bushe. Da rarrafe na hau, da targaɗe na sauko. Shekara na zagayowa masu fasa dutse suka cinye wurin. Abin da ya rage na irinsa bai fi cikin cokali ba, yana durowata, ina jiran a ba ni fili in gwada shi.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Aka naɗa mana shugaba, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi daga Ƙofar Sauri, wanda saninsa da noma bai wuce awo da tiya ba. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba.

Na yi mako guda a daji. Da na dawo na ishe durowoyi a buɗe, kwandon shara cike da ambulan, ga ƙaramin buhu a tsakar ɗaki an ɗaure masa baki. Kai tsaye na wuce ofishinsa.

"Malam, sannu da hanya," in ji Alhajin. "Ya gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya. Ranka ya daɗe, ina irin da ke cikin durowa?"

"Na sa an haɗe maka shi wuri guda," in ji shi. "Mi za a yi da ɗan ƙulli-ƙulli kamar kayan mai magani? Jibi za mu raba ma makiyaya, su ma su sha romon dimokuraɗiyya."

Na yi masa bayani. Na gaya masa dutsen ma babu shi yanzu. Yana saurare yana sakace haƙori.

"To mi ne na ɓacin rai? Ai ba zubarwa aka yi ba. Ku ba shi faifai ya tsince nashi."

'Yan rakiyarsa suka yi dariya. Shi bai yi ba, don da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na tsane shi a ranar, ban kuma daina ba.

Abin kunyar, na karɓi faifan. Na zauna a baranda ina juya ƙwayoyi da yatsa har la'asar, ina sane sarai ba abin da zan gane. Masinja ne ya zo ya ce in yi haƙuri, ana son a sake ɗaure buhun.

Aka raba irin a gaban masu ɗaukar hoto. Wani makiyayi da na sani ya ce mini kaji ya watsa wa nasa, don ba su taɓa jin ana shuka gadagi ba.

Yanzu ni da Alhajin duk mun tsufa, masallacin Juma'armu ɗaya. Ya manta da maganar ƙaf, har hannu yake ɗago mini. In na ga sahu zai haɗa kafaɗata da tasa, baya nake komawa, ko da a rana zan yi sallar.