Karar da Ta Ci Rabe Gola

A Gummi in ka ce Rabe sai an tambaye ka wane Raben, amma in ka ce Rabe Gola, ko mai tallan kifi za ta nuna maka hanyar fadamarsa. Dogo ne, baƙi, ya fara ranƙwafawa. In ya miƙo maka hannu sai ka ɗan tsaya, don yatsun nan kowanne da inda ya nufa. Ƙwallo ce ta mayar da su haka.

Ɗan masunta ne. Ya tashi yana cafke tarwaɗa cikin taɓo da tsurar hannu, saboda haka da aka tsayar da shi a raga bai ga wani abin wahala ba. Innarsa ta yi faɗa har ta gaji ta sa masa albarka. Ƙungiyarsu, Zakarun Fadama, ta hau har gasar ƙwararru, ta yi shekaru tana kai ruwa rana da manyan ƙungiyoyin birane, a cikin wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi. Babu ɗan talabijin da ya taɓa leƙo su. Abin da Rabe ya yi a raga, idon da ya gani ne kawai shaida.

Idon da ya fi kowane gani kuwa na Shitu ne, mutumin Anka, lamba biyar, wanda ke tsaye gabansa kowane wasa. Ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, Rabe ne ma abokin angonsa. Akwai ranar da suka je kudu, Shitu ya sa wa ƙwallo hannu cikin da'ira ana dab da tashi, aka ba da fenariti, kuma in ta shiga sun faɗo daga gasar ke nan. Rabe ya riga ya karye a ɗan yatsa tun kafin hutun rabin lokaci, ya ɗaure da tsumma. Da wannan hannun ya ture ta. Shitu ya yi ta kuka a bas kamar yaro, yana rantsuwa ba zai manta ba.

Daga baya ƙungiya ta mutu, fili ya koma shaguna. Rabe ya kama noman shinkafa, Shitu ya bi zinari wajen Bagega, ya yi ƙiba, ya zama Alhaji. Zumunci bai yanke ba. Duk kaka buhun farko na sabuwar shinkafa Anka yake tafiya.

Bara ne Rabe ya ji a rediyo cewa masu gasar za su buɗe Zauren Gwaraza a birni, kowace tsohuwar ƙungiya a ɗauki mutum ɗaya a kafa hotonsa da sunansa. Kada wani ya ce maka bai damu ba. Ya damu, ya so abin nan har cikin ransa. Tsararrakinsa suna ta ƙarewa, jikokinsa kuwa in ya ba su labari sai su yi ta 'yar dariya suna latsa waya. So yake a samu bango guda a duniya da zai ce Rabe ya tsare raga.

Sai ga wani saurayi, Abdulbasit, tashin birni, masu zauren sun turo shi da kyamara. Ya zaunar da Rabe a ƙofar gida ya ce, "Baba, kai da Alhaji Shitu aka fi ambata. A ganinka wa ya fi cancanta?"

To, a nan ne gizo ya yi saƙarsa. A wajenmu ba a tambayar dattijo haka, in kuwa an tambaye shi, amsa ɗaya ce. In an miƙo maka gaban mota, ka tura wa abokinka, shi kuma ya turo maka, ku yi ta yi har wanda ya cancanta ya shiga kamar an tilasta masa. Kara ke nan. Kowa ya san dawowa take yi.

Rabe ya gyara hula ya ce, "Haba ɗana, ni wane ne? Tsayuwa kawai nike yi cikin inuwar raga. Shitu ne ƙungiya. In ba don shi ba, da kwando guda za a riƙa zuba muna."

Daga bayan zana matarsa Zaliha ta yi tari har sau biyu. Da baƙo ya tafi ta fito tana tafa hannu.

"Malam, mi kay yi haka? Wanga yaro bai san kara ba, abin da ya ji shi zai kai!"

"Ke dai kwantar da hankalinki," in ji Rabe. "Daga nan Anka za shi. Shitu ne fa. Zai maido min."

Har sabuwar shadda ya kai wa tela, bawan Allah.

Yana cikin fadama, ruwa har ƙauri, rediyo rataye a reshe, ya ji an karanto: Zakarun Fadama, Alhaji Shitu Anka. Ya tsaya da dashen shinkafa a hannu yana jiran a ce an yi kuskure. Aka wuce zuwa ƙungiya ta gaba.

Duk da hanyar ba daɗi yanzu, washegari ya hau mota sai Anka. Ya tarar da Shitu a zaure kan kafet, aka kawo lemo mai sanyi, aka gaisa, aka tambayi iyali. Rabe bai taɓa lemon ba.

"Alhaji, mi kac ce wa yaron nan?"

Shitu ya kalli carbinsa. "Ya nuna min abin da ka faɗa. Nic ce, tunda Rabe da bakinsa ya faɗa, ba ni ƙaryata shi."

"Ka san abin da nike nufi."

"Awo, na sani."

Wallahi da ya musa da ya fi sauƙi. Shitu ya ja numfashi ya ce, "Rabe, kai ko ba bango Gummi ta san ka. Ni fa? Tun lokacin da gubar dalma ta kashe yara, in na wuce sai an nuna ni da baki, ga masu kawo dutsen zinari cikin gari. Ban kashe ɗan kowa ba, amma sunan ya bi ni. Ina son 'ya'yana su ji an kira ni da wani abu daban. Ka bar min wanga."

"Da ka roƙe ni, da na ba ka," Rabe ya ce. "Da hannuna biyu zan ba ka. Amma ka ɗauke, sannan ka ce in bar maka?"

Ya saka takalmansa ya fita. Shitu ya biyo shi har bakin titi yana "Tsaya mana, tsaya a kai ka tasha," bai waiwaya ba. Buhun bana bai je Anka ba.

Rabe bai je bikin buɗe zauren ba. Amma abin ya ƙi barinsa, yana cin sa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Bayan girbi ya bi motar shinkafa zuwa birni, bai faɗa wa Zaliha abin da zai kai shi ba. Ya tambaya aka nuna masa zauren. Wuri ne mai sanyi, ƙasa na ƙyalli, hotuna jere. Ya ga golan da ya taɓa karawa da shi, ya ga ɗan wasan da ya buga fenaritin nan na kudu. Can ƙurya ga Shitu cikin babbar riga yana murmushi.

Gefen hoton an maƙala ƙaramin talabijin, kuma wanda ke ciki shi ne, Rabe, a ƙofar gidansa, da hularsa. A ƙasa an rubuta: wani tsohon abokin wasansa. Ko sunan ba su sa ba. Ya ji muryarsa tana cika ɗakin: "Ni wane ne? Tsayuwa kawai nike yi cikin inuwar raga." Ta kai ƙarshe, ta sake farawa.

Mai gadin wurin, wani magidanci mai fara'a, ya matso yana kallonsa yana kallon talabijin. "Ah! Baba, ai kai ne! Kullum da muryarka muke wuni a nan. Gaskiya Alhaji ya rufa muku asiri a zamaninku."

A duk rayuwarsa Rabe bai taɓa yabon kansa gaban mutum ba. Ranar ya yi. Ya ɗaga hannayen nan biyu, karkatattun yatsu a baje, ya ce da ƙarfi har masu kallo suka juyo, "Ni ne golan Zakarun Fadama! Ni na riƙe ƙungiyar! Wurin nan nawa ne!"

Mai gadi ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. Ya dafa kafaɗarsa, ya nuna talabijin.

"Haba Baba. To wannan da ke magana, ƙarya yake yi?"

Rabe ya buɗe baki. In ya ce eh, ya zama maƙaryaci gaban jama'a. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Ya sauke hannayensa a hankali, ya cusa su cikin aljihun riga.