Agogo biyu na Baba

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana awon kaya a filin jirgi, ya ɗora akwati a sikeli, ya manna masa takarda, ya tura. Ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin jirgi ba, amma ka ambaci gari ya faɗa maka nisansa da awannin tafiya, ko abinci yake ci.

Mu biyu ya haifa, ni da Auta. Da Auta ya samu aiki a ƙasar waje, sai Baba ya sayi agogo na biyu, ya saita shi da lokacin can, ya ɗaura a hannun dama. Shi ke nan muka shiga uku. Baƙo bai gama zama ba zai ji: "Kilomita dubu tara da ɗari biyu tsakanina da yaron nan. Awa goma sha ɗaya da minti arba'in, ban da jiran kaya."

Ni fa? Minti ashirin ne a babur daga shagon ɗinkina zuwa gidansa. Ni ke kai shi asibiti, ni ke yanke masa farce, amma ban taɓa ji ya lissafa wa kowa nisana ba. Wallahi abin yana cina. Ran nan na ce, "Baba, ni nawa ne nisan nawa?" Ya ce, "Kai ai kana nan. Miƙo min buta."

Da jikin Baba ya yi tsanani, Auta ya bugo da safe ya ce ya shiga jirgi. Baba ya ɗaga hannun dama da ƙyar, ya duba, ya ce, "Sha ɗaya da arba'in. Zan iya jira."

Abin da bai sani ba, Auta bai samu jirgi kai tsaye ba. Sai ya yada zango na awa shida a hanya. Ni kaɗai ya faɗa wa. Sau biyu na buɗe baki, har da ɗan mugun daɗi a raina, in ce ga ɗan gatan naka ya ɓata maka lissafi. Na kasa.

Da yamma lokacin ya cika cif. Baba ya buɗe ido. "Ya sauka?"

A lokacin Auta yana zaune kan benci a wata ƙasa. Na ce, "Ya sauka, Baba. Kaya yake jira."

Ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun ina ƙarami. "Yaran nan ba su da sauri," in ji shi. "Da ni ne, da tuni ya fito."

Hannunsa yana cikin nawa ya cika. Ni na yi ƙaryar, ni na riƙe hannun, amma murmushin na Auta ne.