Igiyar Ramar da Na Karɓo a Funtua

Ina gona muna karyar masara aka kira ni a waya. Abokin aikin marigayi ƙanena ne, wanda suke bincike tare a jami'a. Ya ce ya sauka Funtua gidan kawunsa, ya zo da kayan da marigayin ya bari a ofis. Na yi godiya. Ragowar kunyar da nake kai ban ƙarasa ta ba.

Mun tashi da asuba ni da ɗan baffana, a babur daga ƙauyenmu na kusa da Ƙarfi. A tashar Malumfashi muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ɗan baffan nawa ya tambayi mai suya ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce ya je ya tambayi masu wake. Motar Funtua ta cika da buhunan waken suya, mu aka cusa a saman su. Gefen titi duk shanyar masara ce, can nesa auduga ta yi fari. Fasinjoji na ta zancen tsadar taki.

Mutumin ya tarbe mu a zaure. Ya yi mana ta'aziyya da kuka, abin da ni na kasa yi a gaban mutane tun ranar jana'iza. Aka kawo waina da miyar taushe. Yana ta ba da labarin marigayin: shayin da yake so, irin dariyarsa, yadda yake waƙa in aiki ya yi kyau. Ni da na goye shi zuwa makarantar firamare ban san yana waƙa ba.

Na ce, "Malam, wai shin aikin me yake yi ne? In na tambaye shi sai ya ce, Yaya, dogon zance ne."

Sai ya zaro wata guntuwar igiyar rama daga aljihu. Ya ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaren da ake kira DNA, sili biyu ne a murɗe kamar tufka. Akwai sinadaran furotin da ke kama zaren nan don a karanta abin da ke cikinsa. Ya ba ni gefe ɗaya, ya riƙe can gaba ya ɗan murza. Na ji tufkar ta saki a ƙarƙashin yatsana.

"Ka ji ko, Yaya? Ban taɓa hannunka ba. Haka furotin ɗaya in ya kama nan, yake sauƙaƙa wa wani kamu a can, ko ya hana shi, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Wannan ƙanenka yake aunawa. Da hannunsa ya tufka igiyar nan, da ita yake nuna wa ɗalibai."

Na duba ta. Tufkar gidanmu ce, ta hagu, yadda na koya masa a gindin rumbu. Zancen da ya ce mini dogo ne, ga shi baƙo ya gama mini shi kafin waina ta huce. Kuma ya kira ni Yaya da irin muryar da ba shi ya kamata ya kira ni da ita ba.

Ya miƙo jakar tufafi da littattafai. Igiyar kuwa ya roƙa a bar masa, ya ce aikin bai kammala ba, ɗalibai kuma sun saba da ita. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ko ɗaya ba. Na ce kayan mamaci ne, sai na yi shawara da Inna. Ya sake ta a hankali, na sa a aljihu.

A hanyar dawowa ɗan baffana ya sayi rake yana sha. Ya ce, "Kai da ke da ɗaurin rama a ɗaki, me za ka yi da guntuwar igiya?" Na ce masa ya kula da ɓawon da yake zuba wa mutane a ƙafa.

Mun iso gida bayan la'asar. Tafiyar ta nuna mini cewa ƙanena yana da wasu 'yan'uwan da ban sani ba, kuma sun same shi a shekarun da na rasa. Na ba Inna jakar, ta rungume ta shiga ɗaki. Igiyar tana aljihun rigata. Ban yi wa Inna zancenta ba, ban kuma kira mutumin ba tukuna.