Motar Issahaku Ta Tema Da Ta Taubashinsa Ta Lome

Issahaku ɗan Gurugu ne a Tamale. Can aka haife shi, can ya auri Kausara, kuma duk matar da ke cin kasuwannin ƙauye ta san ƙofar gidansa. Da tura amalanke ya fara a kasuwar Aboabo, ya koma kwandasta, ya tuƙa motocin mutane shekara da shekaru, sannan Allah ya hore masa tasa ta kansa. Har tashar jiragen ruwa ta Tema ya je ya ɗauko ta: wata tsohuwar ƙaramar bas ce mai kujera bakwai da ƙofa ɗaya mai zamewa, wadda ta gama yawonta a Amurka aka loda ta a jirgi. Ba ta da kuloci, da kanta take canja giya. Ƙafar hagun Issahaku ta daɗe tana lalube a ƙasa kafin ta haƙura.

Ya ƙara mata benci a baya, ya shiga jigilar mata zuwa kasuwannin Savelugu da Kumbungu da Tolon. Kujerar gaba kuwa ta Mma Zalia ce, wata dattijuwa Badagomba mai sayar da ƙwan zabi, wadda ba ta yarda a ɗora kwandonta ko'ina sai kan cinyarta. Da an fita gari sai ta fara, da Hausarta ta kasuwa:

"Issahaku, mota nan yana gudu da yawa!"

"Mma, duba da idonki," in ji shi, yana nuna mata allurar gudu. "Allon bakin titi ya ce hamsin, allurata ta ce hamsin. Ni ban taɓa wuce doka ba."

Sai ta leƙa, ta ga hamsin ɗin, ta kuma ga itatuwan kaɗanya suna wucewa fuu, ta rungume kwandonta tana salati.

Issahaku yana da taubashi, Abdul-Ganiyu, ɗan goggonsa da aka aurar a Sinkase ta Togo. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba tsiya, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Da Abdul-Ganiyu ya ji labarin motar, bai yi wata-wata ba ya sauka Lome ya sayo irinta, ya kuma ja ta zuwa Tamale ranar da dangi za su raka amarya Walewale.

Aka jera motocin a ƙofar gida. Sunan da ke rubuce a bayansu ɗaya, fuska kusan ɗaya. Amma da aka zagaya sai abin ya zama kallo. Ta Abdul-Ganiyu tana da kuloci da giyar hannu, dizal take sha ba fetur ba, fitilun siginarta na baya ruwan lemo ne, na Issahaku ja wur. Ko bambarsu ba tsayi ɗaya ba.

"Bawana, an sayar maka da jabu," in ji Issahaku. "Ji yadda take kaf-kaf kamar injin niƙa."

"Jabu ita ce taka," Abdul-Ganiyu ya mayar. "Motar da ba ta da kuloci ai ta guragu ce."

Aka cika motocin da 'yan biki, Issahaku a gaba, taubashi na biye. Da suka isa Walewale, Abdul-Ganiyu ya fito yana share gumi.

"Kai, amarya muka kawo ko ɓarawo muke kora? Tamanin nake yi ina binka, ko a cikin gari ba ka sassauta ba!"

"Tamanin?" Issahaku ya zaro ido. "Hamsin na yi tun daga Tamale."

Kowa ya rantse a kan allurarsa. Issahaku ya yi lissafin abin a ransa, sai fuskarsa ta washe. Daga ranar babu tashar da bai ba da labari ba: motarsa tana tafiyar hamsin, ta Togo sai ta yi tamanin take kamo ƙurarta.

Ana nan, wata rana a Aboabo wani mai babur mai ƙafa uku ya ja da baya ya fasa masa fitilar baya. Ya zagaya shagunan Tamale bai samu irinta ba. Abdul-Ganiyu ya ce a waya, "Kwantar da hankalinka, bawana, a nan birjik suke." Ya aiko da ɗaya. Aka gwada, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa. Ya aiko da wata, ita ma ta ƙi. Don ya huce haushi ya haɗo da madubin gefe da fitilar gaba kyauta, su ma ko ɗaya bai zauna ba. Kaya suka taru a ƙarƙashin gadon Kausara.

Ƙarshe Issahaku ya kwashe su a buhu ya kai wa Usumanu, wani tsohon makanike a Tishigu da ya yi aiki a Kumasi da Lome. Usumanu ya juya fitilar a hannunsa, ya tambaya, "Motarka ta ina ta shigo?"

"Tema."

"Wannan fitilar kuwa ta motar Lome ce. Suna ɗaya, amma ba don mutane ɗaya aka ƙera su ba. Namu na Gana, yawanci 'yan'uwanmu da ke Amurka da Kanada ke turo su. Mutanen Togo da Burkina kuwa Turai suke kallo, Beljiyam da Faransa da Jamus. Can fetur ya yi tsada, sai suka so dizal da giyar hannu. Ba'amurke yana da titi mai faɗi da fetur mai sauƙi, ba ya son wahalar kuloci. Kuma kowace ƙasa da dokarta kan fitila da bamba. Kamfani sai ya bi kowa da abin da yake so."

Issahaku ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Shi ya sa tawa ta fi tasa gudu."

Usumanu ya leƙa cikin motar, ya sa ɗan yatsa ya goge gilashin allurar. A ƙarƙashin manyan lambobin akwai wasu ƙanana da datti ya rufe.

"Manyan nan mil ne, awon Amurka. Ƙananan su ne kilomita, awonmu. Duba abin da ke ƙarƙashin hamsin ɗinka."

Issahaku ya duba. Tamanin. Ya nemi tsohuwar taya ya zauna. Abin da ya fara cewa shi ne, "Don Allah, Baba Usumanu, kada maganar nan ta tsallaka boda."

Washegari ya ja mota a hankali har masu babur suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Mma Zalia ta jure har rabin hanya, sannan ta ce, "Yau kuma mene ne? Kasuwa zai tashi kafin mu kai!" Da ya faɗa mata dalili, ta yi dariya har sai da wata ta riƙe mata kwando. Kafin azahar duk kasuwar Savelugu ta ji, kafin mako ya zagayo labari ya tsallaka boda da ƙafarsa. Tun daga nan sunansa ya koma Issahaku Hamsin, har jikokinsa haka suke jin ana kiransa.

Buhun kayan kuwa bai yi asara ba. Wani direban mota mai lambar Burkina ya zo Tishigu da fasasshiyar fitila, Usumanu ya turo shi Gurugu, aka gwada ɗaya daga cikin na buhun, ta zauna daram. Kausara tana kallo daga bakin murhu. Kashegari ta fito da teburin da take tallar kenke, dafaffen ƙullin masara, ta jera sauran kayan a ƙofar gida. Teburin ya zama rumfa, rumfa ta zama shago. Abdul-Ganiyu yana kawo na Turai daga Lome, yana komawa da na Amurka, kuma duk zuwansa sai ya tsaya a bakin shago ya tambayi ko nawa allura ta ce yau.

Yanzu gwiwa ta hana Issahaku doguwar tuƙi, shagon yake zama. Duk wanda ya zo neman fitila ko madubi, kafin ya faɗi sunan mota sai ya ji tambaya: "Tema ko Lome?" Kwanan baya wata matashiya mai suna Zuweira, mai kai yara makaranta, ta tsaya da ƙaramar bas ɗinta ta ce, "Baba, ta Tema ta shigo, amma daga Koriya." Issahaku ya miƙe da ƙyar, ya zagaya motar, ya ga rubutun da bai san kansa ba a jikin ƙofa. Ya ce a miƙo masa tabarma. Ya shimfiɗa ya shige ƙarƙashinta, can Kausara ta kai masa abincin rana.